Barci da tafiyar ɗan kwikwiyo: matsaloli da yadda ake magance su

Ɗan kwikwiyo shi ne jaririn kare, tun daga ranar haihuwa har ya kusa shekara guda. Cikin abubuwan da suka fi damun mai kiwonsa a watannin farko akwai barci da tafiya: ko ya hana mutanen gida runtsawa da kuka, ko ya turje idan an sa masa igiya, ko kuma ƙafafunsa su kasa ɗaukar jikinsa. Wasu daga cikin waɗannan halin ƙuruciya ne da ke wucewa da kansa, wasu kuwa alamar ciwo ne. Inda ake yawan kuskure shi ne wurin rarrabewa, domin kwikwiyon da ya cika gida da kuka galibi lafiyarsa ƙalau, amma wanda ya yi lamo a lungu, ba wasa ba haushi, har ana yaba masa hankali, sau da yawa shi ne ciwo ke ci.

Makonnin farko

Karya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 63. 'Ya'yan suna zuwa duniya ido a rufe, kunne a toshe. Idon yakan buɗe tsakanin kwana 10 zuwa 14, kunnen ya biyo baya jim kaɗan. A wannan lokaci aikinsu biyu ne kawai, shan nono da barci, kuma barcin ne ke cinye kusan kashi 90 cikin 100 na yini. Wanda ya zuba musu ido zai ga suna zabura, ƙafa na motsi, leɓe na rawa. Wannan ba farfaɗiya ba ce, haka barcin jarirai masu lafiya yake. Wanda ya kwanta shiru ko motsi babu, jikinsa kuma da sanyi, shi ne abin tsoro.

Jaririn kwikwiyo ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai ya kai mako 3 zuwa 4, shi ya sa suke cunkushewa a jikin uwarsu. A kwanakin farko ana so ɗumin makwancinsu ya kai digiri 29 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas. A daren hunturu, musamman a wurare masu sanyi irin su Jos, kwikwiyon da ya gangaro daga jikin uwa zuwa kan siminti yana iya sandarewa kafin asuba. Idan aka tarar da shi haka, ba a ɗura masa madara nan take, domin hanjin da ya yi sanyi ba ya narkar da abinci. Ana fara ɗumama shi a hankali, a cikin riga a jikin mutum ko kusa da kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma, sannan a mayar da shi kan nono.

Tafiya tana farawa da jan ciki. Wajen mako 2 yakan fara ƙoƙarin miƙewa, a mako na 3 yana takawa da tangaɗi, zuwa mako na 4 ya iya tafiya har da ɗan gudu.

Yawan barci

Likitocin dabbobi sukan ce kwikwiyo mai wata 2 zuwa 3 yana barcin awa 18 zuwa 20 a yini. Wani bincike da ake kira Generation Pup, wanda ƙungiyar Dogs Trust ta Birtaniya ke gudanarwa, ya fitar a 2020 cewa masu karnuka sun ƙiyasta barcin kwikwiyo mai mako 16 a kan kimanin awa 11. Tazarar tana da faɗi, sai dai ƙiyasin mai kare ba ya kama duk gyangyaɗin da ake yi a bayan idonsa. Ko ma dai wanne aka ɗauka, barcin ba a dunƙule yake zuwa ba: a yi wasa na ɗan lokaci, a ci, a yi fitsari, sai a ɓingire.

Kwikwiyon da bai samu isasshen barci ba ba ya yin laushi, akasin haka ma yake yi. Sai ya riƙa cizon hannu da gefen zane, yana zagaye tsakar gida a guje, ba ya jin kira. A gidan da yara ke ɗaukarsa suna ajiyewa tun safe har dare, maganin wannan fitina shi ne a kai shi makwancinsa a bar shi ya huta.

Kukan dare

Wannan ita ce matsalar da kowa ya sani. Kwikwiyon da aka raba da uwarsa da 'yan'uwansa bai taɓa kwana shi kaɗai ba, saboda haka kukan daren farko kira ne, ba rashin ji ba. Yana tsananta idan an ɗauko shi da wuri. Mako 8 shi ne mafi ƙarancin lokacin da masana suka yarda a raba shi da uwa, kuma a Ingila doka ta hana sayar da wanda bai kai haka ba. A kasuwanninmu kuwa ba abin mamaki ba ne a ga ana tallan na mako 4 ko 5, wanda ko yaye bai gama ba.

A Turai da Amurka shawarar da ake bayarwa ita ce a ajiye kejinsa kusa da gadon mai shi a kwanakin farko. A ƙasar Hausa, inda akasari ake kiwon kare don gadi ko farauta ko tsaron garke, kuma ba a shigar da shi ɗakin kwana, abin da ya dace shi ne a kusanto da makwancin bakin ƙofa ko ƙarƙashin taga, inda zai riƙa jin motsi da muryar mutane, daga baya a riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan zuwa inda ake so ya zauna. Kwali mai ɗan zurfi da aka shimfiɗa wa buhu ya isa. Idan an samu tsumman da ya kwana a jikin uwar, ƙanshinta yana kwantar masa da hankali.

Sai batun fitsari. Mafitsararsa ƙarama ce, kuma ƙiyasin da masu horar da karnuka ke amfani da shi shi ne a ƙirga watanninsa a ƙara ɗaya: mai wata 2 yana iya riƙewa kimanin awa 3. Kare ba ya son ɓata inda yake kwana, don haka wani kukan na tsakar dare neman fita ne. Ana fitar da shi shiru, ba wasa ba hira, ya gama a mayar da shi. Idan aka mayar da fitar dare lokacin wasa ko cin abinci, ya koyi cewa kuka yana biya. Ana ba shi abincin ƙarshe awa 2 ko 3 kafin kwanciya, a kuma fitar da shi daf da kwanciyar. Yawancinsu suna fara kwana ba tashi wajen wata 4.

Duka ko tsawa ba sa rage kukan, tsoro suke ƙarawa. Kafin a ce rigima ce, a duba yunwa, sanyi, ƙuma da kaska, da kuma ciki mai kumburi.

Barcin da ba na lafiya ba

Ma'aunin mai sauƙi ne: lafiyayyen kwikwiyo idan an tashe shi yana wartsakewa, ya kaɗa wutsiya, ya nemi abinci. Idan ya tashi da kyar ya koma ya kwanta, a ɗaga leɓensa a duba dasashi. Ruwan hoda shi ne lafiya, fari fat kuwa ƙarancin jini ne. Babban mai jawo shi tsutsar ciki ce mai shan jini, Ancylostoma caninum, wadda ke shiga ta nonon uwa, yayin da wata, Toxocara canis, ke kama ɗan tun yana cikin mahaifa. Shi ya sa ake ba da maganin tsutsa tun a mako na 2, a maimaita a na 4, na 6 da na 8. Kaska mai yawa ma tana zuƙe jini, tana kuma sa zazzaɓi.

Ƙananan nau'o'i irin su Ciwawa suna da saurin faɗuwar sukarin jini idan suka daɗe ba su ci ba. Sai su yi laushi, su yi tangaɗi, wani lokaci har da suma. Ana shafa ɗan zuma ko ruwan sukari a dasashi a garzaya asibitin dabbobi. Idan kasalar ta zo da amai da gudawa mai jini da wari, ana zargin cutar fabo, wadda ta ɓulla a duniya a 1978, kuma tana kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki idan ba a yi masa ƙarin ruwa ba.

Ƙafar da ta kasa ɗaukar jiki

Akwai kwikwiyon da zai kai mako 3 bai miƙe ba, yana kwance rub da ciki, ƙafafu a baje gefe da gefe yana ta iyo a ƙasa kamar kunkuru, ƙirjinsa ya baje. An fi ganin haka a nau'o'i masu gajerun ƙafa da faɗin ƙirji irin su Buldog, da kuma ɗan da ya yi ƙiba saboda shi kaɗai ke shan nono. Daɓe mai santsi, tayil ko leda, yana ƙara ta'azzara shi. Idan an farga da wuri yawanci yana warkewa: a shimfiɗa buhu ko darduma mai kaushi, a riƙa kwantar da shi ta gefe, a riƙa motsa masa gaɓoɓi sau da dama a yini, likita kuma yana iya haɗa ƙafafun baya da filasta su tsaya daidai faɗin jiki.

Abinci shi ne tushen matsalar da ta fi wannan yawa. Ƙashin da ke girma yana buƙatar sinadaran kalsiyam da fosforas kusan kai ɗaya, kalsiyam ya ɗan rinjaya. Tsokar nama da hanta cike suke da fosforas, kalsiyam ɗinsu kuwa bai taka kara ya karya ba. Mai karen da ke ganin gata ne ya ciyar da kwikwiyo nama zalla, ƙashinsa yake lalatawa, domin jiki yana kwasar kalsiyam daga ƙashi ya mayar cikin jini. Ƙafa ta lanƙwashe kamar baka, tafiya ta zama azaba, ƙashi ya karye a ɗan tsalle. Ragowar tuwo da koko kaɗai ma ba sa gina shi. Shanya kwikwiyon a rana ba ta wadatar ba, don fatar kare ba ta samar da isasshen bitamin D, wanda ƙashi ke buƙata, daga hasken rana kamar ta mutum, sai dai daga abinci. A ɗaya gefen kuma, binciken da aka yi a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan a kan manyan karnuka ya nuna cewa kalsiyam da ya wuce kima shi ma yana ɓata girman gaɓoɓi. Wanda ke ba da cikakken abincin kwikwiyo na kanti ba ya buƙatar ƙara ƙwayoyin kalsiyam a kai.

Tsakanin mako 6 zuwa 16 wani kwikwiyon wuyan ƙafarsa ta gaba kan lanƙwashe gaba ko ya zube ƙasa. Da daidaitaccen abinci da tafiya a ƙasa mai kaushi yakan miƙe cikin 'yan makonni.

Ɗingishi da tangaɗi

Duk ɗingishi ana fara bincikensa daga tafin ƙafa, domin ƙaya, tsidau, ƙarangiya ko kaskar da ta maƙale tsakanin yatsu sun fi kowace cuta yawa. Manyan nau'o'i irin su Alseshan da Rotwaila suna gadon sassaucin gaɓar ƙugu, wanda ake ganewa idan kare yana haɗa ƙafafun baya yana tsalle kamar zomo lokacin gudu. Ƙiba tana tsananta shi, kuma wani bincike a Norwe a 2012 ya danganta hawan matakala kafin wata 3 da ƙaruwar haɗarinsa. Alseshan mai wata 5 zuwa 18 kuma yana yin wani ciwon ƙashi da ke yawo daga ƙafa zuwa ƙafa, wanda ke wucewa da girma.

Tangaɗi ya fi ɗingishi hatsari, don yana nuni ga ƙwaƙwalwa ko laka. Maganin tsutsa na shanu mai suna ivamektin da aka yi wa kwikwiyo fiye da kima, ko maganin feshin gona da aka wanke shi da shi don kashe kaska, duka suna sa rawar jiki da dalalar miyau. Cutar distamfa tana farawa da kwantsa da majina da tari, daga baya wata tsoka ta riƙa fizga ba tsayawa, ido biyu ko cikin barci. Idan kuwa shanyewar ƙafafun baya ta zo da canjin hali da kasa haɗiya, a killace shi kada kowa ya sa hannu a bakinsa, domin ciwon haukan kare ba ya barin kwikwiyo, kuma yana kama mutum. Ba a ba kare ibuprofen ko diklofenak na mutane, suna huda masa ciki su lalata ƙoda.

Ƙin bin igiya

Kwikwiyon da ya zauna daɓas ya ƙi motsi da zarar ya ji igiya a wuya, ba taurin kai yake yi ba, abin ne bai saba da shi ba. Ana fara sa masa abin wuya mara nauyi na 'yan mintuna a lokacin cin abinci, a bar sararin yatsa biyu tsakaninsa da wuya. Bayan kwana biyu a ɗaura siririyar igiya a bar shi ya ja ta a tsakar gida ana kallonsa. Sannan a riƙe, a tsuguna, a kira shi da ɗan guntun nama. Jan sa a ƙasa yana koya masa tsoron igiyar, sarƙa mai shaƙewa kuma tana ji wa maƙogwaro rauni. Idan shi ne ke ja gaba, sai mutum ya tsaya cak, kada ya ɗaga ƙafa sai igiya ta yi sako-sako.

Masu bincike biyu, John Paul Scott da John Fuller, da suka yi shekaru suna nazarin karnuka a jihar Maine ta Amurka, sun nuna cewa tsakanin mako 3 zuwa 12 ne kwikwiyo ya fi saurin sabawa da sabon abu. Wanda aka kulle a keji duk wannan lokaci, ranar da aka fito da shi ƙarar babur ma sai ta sa ya daskare. Sai dai lokacin ya zo daidai da wanda bai gama rigakafi ba, tunda allurar fabo da distamfa ana fara ta a mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa har mako 16, ta haukan kare kuma a wata 3. A Nijeriya Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana cikin masu samar da ta haukan kare. Mafita ita ce a riƙa fita da shi a hannu ya ga titi da mutane da awaki, ba tare da ya taka inda karnukan unguwa ke kashi ba.

Game da nisan tafiya, akan ce minti 5 ga kowane wata na shekarunsa, sau biyu a yini. Ƙiyasi ne na masu kiwo, amma dalilinsa ingantacce ne: bakin ƙashin da ke girma guringuntsi ne, kuma a manyan nau'o'i ba ya ƙanƙarewa sai wata 12 zuwa 18. Gudu a bayan keke ko bin 'yan farauta daji sai bayan nan. A bazara kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, kwalta da yashi suna ƙona tafin ƙafarsa. Ana gwadawa da bayan hannu: idan mutum ya kasa barinsa a ƙasa na daƙiƙa 7, a jira sai bayan la'asar sakaliya ko da sassafe.