Mene ne GVHD ta hanji bayan dashen ɓargo?

Iyalan da suka kai mai sikila ko mai kansar jini dashen ɓargo sun sha jin likitoci suna ambaton GVHD. Ƙwayoyin garkuwar wanda ya ba da ɓargon ne, da zarar sun zauna a sabon jiki sai su ɗauki mai jikin a matsayin baƙo, su far masa. Fata da hanta da hanji suka fi kai wa hari, galibi cikin kwana 100 na farko.

Ta hanjin ce ta fi tayar da hankali. Zawo ne tsululu, sau da yawa kore, ba ya tsayawa ko da an daina cin abinci, ga murɗar ciki da amai. Shi ya sa ma'aikatan jinya ke tara bayan gidan a mazubi suna auna shi kullum. A babban mutum, mililita 500 zuwa 1,000 a rana mataki na ɗaya ne, idan ya haura 1,500 an kai na uku. Ciwon ciki mai tsanani ko hanji ya daina motsi, na huɗu ke nan.

Sai dai zawo kaɗai ba hujja ba ne. Ƙwayar cutar da ake kira CMV tana kawo irinsa, haka ƙwayar cutar hanji C. difficile da mycophenolate, maganin danne garkuwa da ake ba masu dashe, haka magungunan da ake kashe tsohon ɓargo da su kafin dashe. Kuma maganin wannan gubar wancan ne: GVHD danne garkuwa ake yi da magunguna irin su prednisolone, amma idan ƙwayar cuta ce, danne garkuwar ƙara mata ƙarfi zai yi.

Don haka ake gwada bayan gida da jini, sannan a zura siririyar kyamara ta dubura ko ta baki a tsinko ɗan nama. Ko bangon hanjin ya yi kyau a ido sai an tsinko, domin shaidar tana ƙarƙashin madubin likita: ƙwayoyin da ke cikin ƙananan ramukan bangon hanji suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A makonni ukun farko ma sai an yi hattara, don ɓarnar magungunan dashe kamarta ɗaya da wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda aka yi wa dashe a waje suka dawo gida. Zawonsu ba na sayo Flagyl a kemis ba ne. A ranar da ya fara, a kira likitocin da suka yi dashen.