Waiwaye: Yadda Aka Daɗe Ana Mantawa da Ƙudan Zuman da Ba Ya Yin Zuma

Duk wanda ya saba zama a ƙarƙashin rumfar da aka yi wa jigo da gora ko busasshen itace, da wuya a ce bai taɓa ganin wani baƙin ƙwaro mai kauri ba, wani lokaci da rawaya a gadon bayansa, yana shawagi yana ƙugi har ya shige ramin da bai wuce faɗin ɗan yatsa ba, garin itace kuma yana zubowa kan tabarma. Yara kan bi shi da tsintsiya, manya kan toshe ramin da laka. Kaɗan ne suka san cewa ɗan'uwan ƙudan zuma ne, kuma yana cikin ƙwarin da nauyinsu ya isa su danna furen wake ya buɗe, su kwashi garin da ke ciki su kai wa wani furen.

Masana sun ƙidaya kimanin iri 20,000 na dangin ƙudan zuma a duniya, amma masu tara zumar da ta isa a ɗiba ba su taka kara sun karya ba. Mafi yawan waɗannan nau'o'in ba su da sarauniya, ba su da amya, ba su yin saƙa. Mace ɗaya ce ke haƙa rami a ƙasa, ko a jikin katangar laka, ko cikin kara, ta dunƙula garin fure da ruwan zaƙinsa, ta yi ƙwai a kai, ta rufe, sannan ta soma wani ɗakin. Sunan da muke kiransu da shi ya ɗaure su da zuma, saboda haka wanda ba ya ba da zuma ba ya shiga lissafi. Wannan mantuwa ba ta Hausawa kaɗai ba ce, domin ita ce ta bi tarihin batun daga farkonsa a Turai da Amurka.

Aikin da ake magana a kansa shi ne barbarar fure. Masu noman dabino sun san shi da hannunsu, tun da sukan hau su ɗaura reshen furen namiji a cikin na mace kafin a sami 'ya'ya masu kyau. Gero da dawa da masara da shinkafa ba su jiran ƙwaro, iska ko furen kansa ke yi musu, amma kabewa da kankana da mangwaro da sauran kayan lambu da yawa sun dogara da shi. Tumatir da gauta ma suna da tasu ƙa'idar: garin furensu a kulle yake cikin 'yan bututu, ba ya fitowa sosai sai an girgiza shi, ƙudan zuman amya kuwa bai iya wannan girgizar ba, sai wasu daga cikin na daji waɗanda ke riƙe furen su kaɗa tsokar fikafikansu har garin ya zubo musu a ciki.

Wani malamin makaranta Bajamushe, Christian Konrad Sprengel, ya yi cikakken bayani a 1793 cewa launin fure da ƙamshinsa da zaƙinsa duk kira ne ga ƙwari, amma mutanen zamaninsa ba su ba shi muhimmanci ba. Sai a 1859 Charles Darwin ya dawo da maganar, inda ya nuna cewa wata ciyawar kiwo mai jan fure, dangin wake, ba ta yin iri a Ingila sai manyan ƙudajen nan masu gashi da masana ke kira Bombus sun ziyarce ta. Manoman New Zealand sun ga gaskiyar haka a aljihunsu, domin sun shuka ciyawar ta yi kyau amma ba ta ba da iri, har sai da aka ɗauko musu sarauniyoyin Bombus daga Ingila cikin jirgin ruwa a 1885.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu noma ya canza kama a Turai. Takin zamani ya sa ba a bukatar shuka dangin wake don gyara ƙasa, an tumɓuke shingayen itatuwa da ke tsakanin gonaki domin tarakta ta sami hanya, maganin ciyawa kuma ya share furannin gefen kunya. Ingila da Wales sun rasa kimanin kashi 97 cikin ɗari na makiyayansu masu furanni tsakanin shekarun 1930 da na 1980. Ɗaya daga cikin nau'o'in Bombus ɗin da aka kai New Zealand, ganin ƙarshe da aka yi masa a Birtaniya shi ne a 1988 kusa da Dungeness da ke kudu maso gabashin Ingila, aka kuma ayyana ya ƙare a ƙasar a 2000, alhali jikokinsa na nan a can inda aka kai su baƙunta. Daga 2012 an yi ta kawo sarauniyoyi daga Sweden don a maido da shi. Bai kafu ba, sai dai filayen furannin da aka shuka dominsa sun amfani wasu nau'o'in da su ma suka kusa ɓacewa.

Masana sun yi taro a São Paulo ta Brazil a 1998 kan raguwar masu barbarar fure, a 2000 kuma ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar kare halittu suka kafa shirin ƙasa da ƙasa a kai a taronsu na Nairobi. Duk da haka maganar ba ta fita daga ɗakunan taro ba sai a ƙarshen 2006, lokacin da masu kiwon zuma a Amurka suka fara buɗe akwatunansu suna tarar da sarauniya da 'ya'ya da zuma, ma'aikatan kuwa sun ɓace babu ko gawa. Abin ya tayar da hankali ne saboda kuɗin da ke ciki: gonakin almon (itacen da ake cin ƙwallon 'ya'yansa) na Kalifoniya kaɗai suna hayar akwatuna wajen miliyan 2 a kowace Fabrairu, ana jigilarsu da manyan motoci daga jihohi masu nisa. Kafofin labarai suka ɗauka, kamfanoni suka buga hoton ƙudan zuma a kwalayensu, jama'a kuma suka fahimci cewa ceton ƙudan zuma yana nufin ƙara yawan amya.

A nan ne aka yi kuskuren da har yau ake gyarawa. A Turai da Amurka ƙudan zuman akwati dabbar kiwo ce, idan gida ya mutu mai shi yakan raba wani ya mayar da gurbinsa, kuma alƙaluman Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna yawan amyoyin kiwo a duniya ƙaruwa ya yi tun daga 1961. Ƙara amya don a ceci na daji bai bambanta da ƙara kaji a akurki don a ceci fakara ba. A 2013 wani bincike da Lucas Garibaldi na Ajantina ya jagoranta, wanda ya haɗa gonaki 600 da tsarin noma 41 a nahiyoyi daban-daban, ya gano cewa ziyarar ƙwarin daji tana ƙara ɗaukar 'ya'ya ninki biyu na abin da ziyarar ƙudan zuman amya ke ƙarawa, kuma amya ba ta maye gurbinsu, ƙari kawai take yi. Rahoton wani kwamitin masana na ƙasashen duniya da aka amince da shi a Kuala Lumpur ta Malesiya a 2016 ya ce kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in amfanin gona suna cin gajiyar barbarar da dabbobi ke yi, ya kuma ƙiyasta darajar aikin tsakanin dala biliyan 235 da 577 a shekara.

Rigimar maganin ƙwari ta tafi kafaɗa da kafaɗa da wannan. Magungunan da ake kira niyonikotinoyid, waɗanda suka shigo kasuwa a farkon shekarun 1990, ana shafa su ne a jikin iri, tsiro ya shanye su har su kai cikin garin fure da ruwan zaƙinsa. Faransa ta dakatar da ɗaya daga cikinsu a kan furen rana a 1999 bayan koken masu kiwon zuma, Tarayyar Turai ta taƙaita guda uku a 2013, sannan ta hana amfani da su a fili gaba ɗaya a 2018. Abin lura shi ne, shekaru da yawa gwajin da ake yi wa magani kafin a ba shi lasisi a kan ƙudan zuman amya ake yinsa, wanda gidansa mai dubban ma'aikata zai iya jure asara, ba a kan macen da ke ita kaɗai a raminta ba, wadda mutuwarta mutuwar zuriyarta ce.

Birane sun shigo daga baya, kuma sun ba da mamaki, domin lambunan gidaje da maƙabartu da kangwaye sukan fi gonar amfani ɗaya yawan furanni a tsawon shekara. Faransa ta hana fesa magungunan ƙwari na zamani a wuraren shaƙatawar jama'a daga 2017, a lambunan gidaje kuma daga 2019. A shekarar ce birnin Utrecht na Holan ya shuka tsirrai a rufin tashoshin bas fiye da 300, mutum miliyan 1.7 kuma suka sa hannu a takardar neman dokar kare ƙudan zuma a jihar Bavaria ta Jamus. Amma yayin ɗora akwatuna a saman benaye ya kawo tasa matsalar: wani bincike a Paris ya nuna cewa inda amyoyi suka yi yawa, na daji sukan rage zuwa furanni, masanan lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan kuma suka yi gargaɗi a 2020 cewa akwatunan Landan sun fi ƙarfin abincin da ke birnin. Shawarar masu harkar yanzu ta koma ga barin wani gefe ba shara, da busasshen itace, da ƙasa tsirara da za a haƙa, da furannin da ke bin juna daga farkon shekara zuwa ƙarshenta.

A Afirka ta Yamma lissafin ya ɗan bambanta, domin ƙudan zuman da ke shiga amyar da aka rataya a kan ɗorawa ko tsamiya na daji ne, shi ya kawo kansa kuma yakan tashi idan ya ga dama. Shi da ƙananan nan marasa harbi irin su galla ne ke yi wa kaɗanya barbara, kamar yadda nazari a Ghana da Burkina Faso ya nuna. Wani binciken da aka buga a 2017 kan gonakin Burkina Faso ya gano cewa hana ƙudan zuma ziyartar fure ya rage amfanin auduga da kimanin kashi 37 cikin ɗari, na riɗi kuma da kashi 59. Abubuwan da ke rage su a nan sanannu ne: ƙunar daji, saran itatuwa don gawayi, ɗibar zuma da wuta wadda ke ƙone gidan baki ɗaya, da feshin wake da auduga da tsakar rana lokacin da fure ya buɗe. A 2019 gamayyar cibiyoyin kimiyya na Afirka ta fitar da rahoto tana neman a tsaurara dokoki kan niyonikotinoyid, domin magungunan da aka hana a gonakin Turai ana ci gaba da sayar da su a kasuwannin nahiyar.