Kaura (sarautar yaƙi a Katsinar Maradi)

Kaura shi ne babban shugaban mayaƙa a tsarin sarautar Katsina, kuma a Katsinar Maradi, wato masarautar da tsohon gidan sarautar Katsina ya kafa a Maradi, ne wannan sarauta ta fi nuna ƙarfinta a ƙarni na 19. In an tashi yaƙi, shi ke gaban barade, shi ke tsara inda rundunar za ta bi, shi ne kuma sarki ke jira ya kawo masa labarin nasara ko akasinta. Ana samun sarautar a wasu ƙasashen Hausa. A Daura ma ana danganta asalinta da labarin Bayajida: ana cewa da aka kashe macijin rijiyar Kusugu, Galadima ya leƙa daga nesa ya koma, Kaura kuwa ya matsa har ya taɓa shi, ya tabbatar wa sarauniya cewa ya mutu.

Matsayinsa a fada

A Maradi manyan fada huɗu ne ake kira rukuni: Kaura, Galadima, 'Yandaka da Durbi. Su ke zaɓen sarki in gadon sarauta ya faɗi, su ne kuma masu ba shi shawara a kan manyan al'amura. Galadima na kula da sha'anin gari da na cikin fada, Kaura na riƙe da dawaki da makamai. Ba a naɗa ɗan sarki Kaura. A al'adar Maradi ana lissafa shi ne cikin bayin sarki, ko da kuwa darajarsa ta wuce ta 'ya'yan sarauta da yawa. Hikimar hakan a fili take: wanda ke riƙe da takobin ƙasa kada ya zama mai iya neman gadon sarauta da ita.

Yadda sarautar ta yi ƙarfi

A 1807 mutanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin Katsina, Ummarun Dallaje ya zama sarki a can. Tsohon gidan sarauta ya yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa zamansa a Maradi, cikin kwarin Gulbin Maradi mai duhun itatuwa. Sarakunan da suka zauna nan ba su taɓa barin sunan Sarkin Katsina ba, domin burinsu shi ne su koma birnin da aka ƙwace musu. Ƙasar da aka gina a kan wannan buri dole ta rayu a kan doki, shi ya sa shugaban barade ya zama ƙashin bayanta.

Maradi ta haɗa kai da Gobirawa. A yaƙin Gawakuke na 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya wannan haɗin gwiwa, Sarkin Katsina Rauda da Sarkin Gobir Ali suka faɗi a fagen fama. Duk da haka ƙawancen bai mutu ba. Gobirawa suka kafa Tsibiri dab da Maradi, biranen biyu suka ci gaba da fita yaƙi tare. Zamanin Sarkin Maradi Ɗan Baskore, wajen 1854 zuwa 1875, shi ne lokacin da hare-haren Maradi suka fi yawa a kan ƙasashen Katsina da Zamfara.

Rundunar da yake jagoranta

Galibi da rani ake fita, bayan an kai amfanin gona rumbu, ƙasa ta bushe doki na iya gudu. A rundunar akwai 'yan lifida, waɗanda su da dawakinsu ke sanye da rigar auduga mai kauri da ke tare kibiya, kansu da kwalkwali. Nauyin kayan nan ya sa ba su iya dogon sukuwa, amfaninsu shi ne fasa sahun abokan gaba. Akwai barade masu sulke da mashi da takobi, su ke kai farmaki cikin sauri su juyo. A ƙasa kuma dakaru ne, 'yan baka da kwari cike da kibau masu dafi, da masu garkuwar fata. Ganimar da ake dawowa da ita dawaki ne da shanu da bayi. Wannan ɓangaren tarihin ba abin ɓoyewa ba ne, domin talakawan ƙauyukan iyaka, ta kowane gefe, su suka sha wahalarsa.

Kaura Hasau da bayansa

A ƙarshen ƙarnin, dabarar hana Kaura gadon sarauta ta nuna iyakarta. Kaura Hasau, wanda ya fi kowane Kauran Maradi suna, ya tara ƙarfin da ya kai ga ja-in-ja da sarakuna kansu, har Sarki Mijinyawa ya bar Maradi ya koma Tasawa. Bai zama sarki ba, amma a lokacinsa zama a kan gadon ya dogara da yardarsa.

Turawan Faransa sun shigo yankin a 1899. Iyakar da suka shata da Ingila ta bar Maradi a Nijar, birnin Katsina kuma a Najeriya, aikin yaƙi ya fita daga hannun sarakuna. A gefen Najeriya sarautar ta koma ta hakimci: Kauran Katsina shi ne hakimin Rimi, kuma har yau yana cikin masu zaɓen Sarkin Katsina, tare da Galadima na Malumfashi, 'Yandaka na Dutsin-Ma da Durbi na Mani.