Dokar ɗaura sarƙa a Amurka da matsayin a-kori-kura mai taya shida idan dusar ƙanƙara ta rufe hanya

A jihohin yammacin Amurka masu manyan duwatsu, da zarar hunturu ya kankama sai a kunna alluna a gefen hanya masu umartar direbobi su tsaya su ɗaura wa tayoyinsu sarƙa kafin su hau tudu. Wanda wannan umarni ya fi rikitawa shi ne mai babbar a-kori-kura irin wadda ke da taya biyu-biyu a kowane gefe na baya, wato taya shida ke nan a ƙasa, kamar Ford F-350 da Ram 3500 da Chevrolet Silverado 3500HD da GMC Sierra 3500HD. Mai irin wannan mota yakan ɗauka cewa tunda motarsa ta fi ta kowa ƙarfi da yawan taya, kuma tana jan gaba da baya, doka za ta ɗaga masa ƙafa kamar yadda take ɗaga wa masu ƙananan motoci masu jan ƙafa huɗu. A yawancin jihohin nan ba haka abin yake ba, domin dokar ba ta ƙirga taya, nauyi take dubawa.

Nauyin da ake magana a kansa iri biyu ne, kuma sai an rarrabe su kafin a fahimci sauran bayanin. Akwai nauyin motar ita kaɗai ba kaya, akwai kuma iyakar nauyin da kamfanin da ya ƙera ta ya ce za ta iya kaiwa idan an haɗa da mutane da mai da kaya. Wannan na biyun a rubuce yake a wata 'yar takarda da aka manna a jikin ƙarfen ƙofar direba, kusa da haruffan GVWR. A-kori-kura mai taya shida ta zamanin nan galibi laba 14,000 ne aka rubuta mata, kimanin kilo 6,350, alhali kan iyakar da jihohi da dama suka ja tsakanin ƙaramar mota da babba ita ce laba 10,000, wato kilo 4,536. Saboda haka ko da bodin motar fayau yake, ko buhu ɗaya babu, a idon doka ta riga ta bar sahun motocin gida ta shiga sahun motocin ɗaukar kaya.

Jihar Washinton ce ta fi fito da wannan ƙa'ida fili. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 1 ga Afrilu, duk motar da iyakar nauyinta ta haura laba 10,000 wajibi ne ta riƙa tafiya da sarƙoƙi a cikinta a kan wasu hanyoyin duwatsu da aka ayyana, ciki har da babbar hanyar I-90 da ke ratsa mashigar Snoqualmie da hanyar US 2 da ke ratsa mashigar Stevens, ko da rana ta fito tas kuma kwalta a bushe take. Ana kuma buƙatar ta ɗauki rarar sarƙa biyu, saboda tsinkewa ko ƙarin tsanani. Idan allo ya nuna cewa ana buƙatar tayoyin hunturu, mai ƙaramar mota da ke da su zai wuce abinsa, amma mai motar da ta haura laba 10,000 a wannan matakin ne sarƙa ta wajaba a kansa. Idan aka matsa zuwa matakin da ake buƙatar sarƙa, ƙananan motoci masu jan ƙafa huɗu suna da sassauci matuƙar suna ɗauke da sarƙar a ciki, sai dai wannan sassauci ya tsaya ne ga waɗanda ba su haura laba 10,000 ba. Tarar ƙin bin umarnin ɗaura sarƙa a jihar dala 500 ce.

Oregon, maƙwabciyarta ta kudu, ita ma da laba 10,000 take aiki, ta kuma haɗa da sharaɗin jan tirela. Ɗaya daga cikin allunanta cewa yake sarƙa ta wajaba a kan duk motar da ke jan wani abu ko ta haura wannan nauyi, kuma ana yawan ganinsa a hawan Siskiyou da ke kan hanyar I-5 da gangaren Cabbage Hill da ke kan I-84 kusa da Pendleton. Jihar ta keɓe motoci masu jan ƙafa huɗu daga ɗaura sarƙa, amma da sharuɗɗa: nauyin motar ba kaya kada ya wuce laba 6,500, ta kasance tana ɗauke da sarƙa, tayoyinta su dace da yanayin, kuma kada tana jan komai. Mai taya shida ba ya cika sharaɗin farko, domin irin wannan mota, musamman mai injin dizal da ƙofa huɗu, takan yi kusan laba 8,000 tun kafin a ɗora mata komai.

Kaliforniya ta kasa abin mataki uku, waɗanda ake kira R1 da R2 da R3, kuma hukumar sufurin jihar, Caltrans, tare da 'yan sandan manyan hanyoyi ne ke tsare shingayen. A mataki na farko kowa zai ɗaura sarƙa in ban da ƙananan motoci da a-kori-kurar da ba su kai laba 6,000 ba masu tayoyin dusar ƙanƙara a ƙafafun da ke jan motar. A mataki na biyu sassaucin ya ragu zuwa masu jan ƙafa huɗu kaɗai, waɗanda ba su wuce laba 6,500 ba, kuma tayoyinsu duka na dusar ƙanƙara ne. A mataki na uku babu wanda aka ware, kodayake sau da yawa akan rufe hanyar baki ɗaya kafin a kai ga haka. Idan aka ɗora nauyin mai taya shida a kan waɗannan alƙaluma, za a ga cewa tun daga mataki na farko, wanda shi ne mafi sauƙi, ya kamata ya sauko ya shimfiɗa sarƙarsa. Direban da ya taso daga Sacramento zai haye mashigar Donner a kan I-80, inda hanyar ta kai kusan mita 2,200 sama da teku, yana iya ganin ƙaramar mota mai jan ƙafa huɗu an ɗaga mata hannu ta wuce, shi kuma an nuna masa gefen titi. Tsakanin allon farko da shingen bincike akwai kimanin mil ɗaya na tsayawa a ɗaura, kuma bayan an ɗaura gudun da aka yarda da shi mil 25 ko 30 ne a awa, wato kilomita 40 zuwa 48. Akwai masu sana'ar ɗaura wa mutane sarƙa a bakin hanya da izinin hukuma, sanye da riguna masu lamba. Ba ma'aikatan gwamnati ba ne, kuma ba a yarda su sayar da sarƙa ko su ba da hayarta ba, don haka wanda ya iso wurin hannu rabbana juyawa zai yi.

Abin tambaya shi ne ko wannan tsari zalunci ne ga mai babbar mota. A ganina ba zalunci ba ne, domin yadda motar take tafiya a kan dusar ƙanƙara ya gaskata dokar. An ƙera tayoyin baya huɗu ne don ɗaukar kaya masu nauyi da jan manyan tireloli, kuma idan kayan suna kai, motar takan zauna daram. Idan babu kaya kuwa, mafi yawan nauyin yana gaba inda injin yake, ɗan abin da ya rage a baya kuma an raba shi ga taya huɗu maimakon biyu, sai kowace taya ta zama ba ta danna ƙasa sosai. Direbobin da ke ratsa rairayin hamada a arewacin Nijar sukan rage wa taya iska don ta baje ta hau kan yashi ba tare da ta nutse ba. A kan dusar ƙanƙarar da ke kan kwalta akasin haka ake so, wato taya ta nutse ta ciji abin da ke ƙasa, kuma taya biyu a jere ba sa yin hakan da kyau. Ga kuma faɗin motar, wanda ya kai kusan mita biyu da rabi a baya. Tayoyin waje ba sa bin sawun da tayoyin gaba suka buɗe, ba sa kuma shiga cikin ramin sawun da sauran motoci suka bari, sai su riƙa hawan dusar da ba a taka ba, bayan motar ya riƙa karkata hagu da dama. Tsakanin tayoyin biyu kuma dusa da ƙanƙara sukan cushe su daskare. Jan ƙafa huɗu yana taimakawa wajen tashi da hawan tudu, amma ba ya ƙara komai wajen tsayawa, kuma tsayar da tan uku da rabi a kan gangare mai santsi shi ne abin da ke damun masu tsara dokar.

Da yake tayoyin baya huɗu ne, sai a tambaya wace za a ɗaura wa. A Washinton da Oregon, ga mota irin wannan mai jeri ɗaya na tayoyin baya, mafi ƙarancin abin da ake buƙata shi ne taya ɗaya a kowane gefe. A aikace ta waje ake ɗaura wa, saboda ita hannu ke kai wa cikin sauƙi. Wasu direbobi sukan sa guntun katako a gaban taya ta ciki su hau kansa, sai ta waje ta ɗan ɗaga daga ƙasa, sarƙar ta zagaya ba tare da an kwanta cikin dusa ana laluben ƙugiya ba. Akwai kuma sarƙa mai faɗi da ke rufe tayoyin biyu a lokaci guda, ta fi kama ƙasa amma ta fi nauyi da wuyar ɗaurawa. Kowace iri aka sa, bayan an yi 'yar tafiya kaɗan sai an tsaya an ƙara ɗaure ta, domin sarƙar da ta saki tana iya dukan murfin taya ko ta tsinke bututun birki. Tirelar da ke da birkin kanta ita ma ana ɗaura mata a Kaliforniya da Oregon, aƙalla a jeri ɗaya na tayoyinta. Caltrans tana da zane mai nuna inda sarƙa za ta zauna a kowane irin mota, kuma jami'in da ke shingen yana da ikon hana kowace mota wucewa idan ya ga ba za ta iya hanyar ba.

Kolorado ta bi wata hanya dabam, kuma a nan ne mai taya shida ya ɗan samu sarari. Kan iyakarta laba 16,001 ne, don haka motar da aka rubuta mata 14,000 tana ƙarƙashin dokar motocin fasinja. Wata doka da aka yi a 2019 ta sa ƙa'idar kama ƙasa, wato sharaɗin samun tayoyin da suka dace da dusa ko sarƙa, ta zama mai aiki kullum daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Mayu a kan I-70 tsakanin Dotsero da Morrison, yankin da ya haɗa da mashigar Vail da ramin Eisenhower da ke kimanin mita 3,400 sama da teku, ta kuma ɗaga zurfin zanen taya da ake buƙata daga 1/8 zuwa 3/16 na inci, kusan milimita 5. Wannan shi ne daidai zurfin 6/32 na inci da Kaliforniya ke nema kafin ta ɗauki taya a matsayin ta dusar ƙanƙara. A 2019 tarar saɓa ƙa'idar ta haura dala 130, idan kuma motar ta maƙale ta toshe hanya sai ta haura dala 650. Amma wannan sarari yana ƙarewa da zarar motar ta shiga harkar kasuwanci da tirela a bayanta, domin a lokacin nauyin motar da na tirelar ake haɗawa, kuma da wuya jimillar ta gaza 16,001. Daga nan ta koma ƙarƙashin dokar sarƙa ta motocin kasuwanci, inda tarar ƙin ɗaurawa take dala 500, ta toshe hanya kuma dala 1,000, ban da ƙarin kuɗin da ake ɗorawa a kai.

Wannan batu ya shafi masu sana'ar jigilar gaggawa da irin waɗannan motoci, waɗanda ke ɗaukar motoci ko injuna a kan doguwar tirela daga jiha zuwa jiha. Dokar tarayya tana ɗaukar duk motar da ta kai laba 10,001 kuma take kasuwanci tsakanin jihohi a matsayin motar kasuwanci, sashe na 392.14 na ƙa'idojin tsaron manyan motoci kuma ya wajabta wa direbanta yin matuƙar taka-tsantsan da rage gudu idan dusa ko ƙanƙara ko hazo sun rage gani ko kama ƙasa, ya kuma dakatar da tafiya idan haɗarin ya yi yawa. Ma'anarsa ita ce bin iyakar gudun da ke jikin allo ba ya wanke direba idan hanya ta yi santsi.

Tayoyin kansu suna da alamomi biyu da jami'ai ke dubawa a gefensu. Haruffan M+S suna nuna cewa zanen tayar ya dace da laka da dusa, amma alamar dutse mai ƙololuwa uku da hoton ƙwayar dusa a ciki, wadda aka shigo da ita a 1999, ita ce ke nuna cewa an gwada tayar a kan dusar ƙanƙara ta kuma ci gwajin. Tayoyi masu ƙusoshi an yarda da su daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris a Washinton da Oregon, a Kaliforniya kuma har 30 ga Afrilu. Duk da haka, ga motar da ta haura kan iyakar nauyi, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke maye gurbin sarƙa idan allo ya ce a ɗaura. Buhunan yashi da masu irin wannan mota kan jera a bodi daidai saman tayoyin baya suna taimakawa ƙwarai wajen kama ƙasa, matuƙar an ɗaure su yadda ba za su zame ba idan aka taka birki, amma ba sa canja lambar da ke jikin ƙofa. Haka kuma birkin inji da ke cikin motocin dizal, wanda ke da amfani sosai a gangare idan kwalta a bushe take, littattafan kamfanonin da kansu suna gargaɗin kada a kunna shi a kan hanya mai santsi, domin yana riƙe tayoyin da ke jan motar kaɗai, kuma bayan da ba shi da nauyi yana iya juyowa gaba nan take.