Ƙuri'ar 'yan majalisar Birtaniya kan tallafin marasa lafiya da naƙasassu: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Ana iya sanin yadda ɗan majalisa ya kaɗa ƙuri'a?

Ƙwarai. Masu goyon baya su bi ta wani zaure, masu adawa su bi ta wani, a ɗauki sunan kowa a buga a Hansard, kundin zaman majalisa. Je ka duba da kanka.

Ai Labour ce mai ƙara tallafi, Conservative mai yankewa, ko?

Wa ya gaya maka? A 2016 gwamnatin Conservative ce ta zabge kusan fam 30 a mako daga ESA, tallafin waɗanda rashin lafiya ko naƙasa ke hana su aiki, na wani rukunin sabbin masu nema. A 2025 kuma gwamnatin Labour ta Keir Starmer ce ta kawo ƙudirin tsaurara sharuɗɗan PIP, kuɗin da ake ba naƙasassu. Duk mai riƙe da baitulmali neman inda zai tsuke yake yi.

Wakilinmu ya goyi bayan ƙudirin 2025. In yanke masa hukunci ke nan?

Dakata tukuna. Wataƙila ya cancanci fushinka, wataƙila a'a. Da farko, me ke cikin ƙudirin a lokacin da ya kaɗa ƙuri'a? Sama da 'yan Labour 120 sun sa hannu a gyaran da zai kashe shi. Gwamnati ta ga uwar bari, ta yi ta ja da baya, har ana tsakiyar muhawara ranar 1 ga Yuli ta jingine batun PIP sai an kammala bitar da minista Stephen Timms zai jagoranta. Ƙudirin ya tsallake karatu na biyu da ƙuri'a 335, masu adawa 260, cikinsu har da 'yan Labour 49. To wanda ya sa hannu a gyaran, ya ga an cire abin da ya ƙi, sannan ya amince, ka kira shi maci amana? Ni ban ce ba. Amma ban wanke shi ba, domin rage kason rashin lafiya na Universal Credit (tallafin masu ƙaramin ƙarfi) ga sabbin masu nema yana nan cikin abin da ya amince da shi. Sannan akwai masu tsawatarwa na jam'iyya, waɗanda ke tabbatar da 'yan majalisa sun bi umarninta wajen ƙuri'a: bijire musu ba wasa ba ne, a Yulin 2025 aka dakatar da 'yan Labour huɗu, har da Rachael Maskell. Wannan dalili ne, ba uzuri ba. Minista kuwa ba shi da zaɓi, ko ya bi ko ya ajiye aiki, kamar yadda ministan ƙwadago da fansho na lokacin, Iain Duncan Smith, ya yi a Maris 2016.

Ban ga sunansa ba sam. Guduwa ya yi?

Ba lallai ba. Wani ba shi da lafiya, wani jam'iyya ce ta ce a ƙaurace, kamar yadda Labour ta yi a 2015. Kwantar da hankalinka.

Amma jawabinsa ya sosa min rai.

Jawabi ba ya shiga lissafi. Duba zauren da ya bi.

Rubuta masa wasiƙa na da amfani?

Yana da shi, in kai ɗan mazaɓarsa ne. Sa adireshinka, ka faɗi nawa za ka rasa a mako, ka bar zagi.