Mene ne yangsheng a wurin tsofaffin Sin?

Yangsheng kalmar Sinanci ce mai gaɓa biyu: yang na nufin raino, sheng kuma rai. Wato tattalin jiki tun ciwo bai zo ba. Tushenta na cikin tsohon littafin likitanci Huangdi Neijing, wanda ya kai shekara 2,000, amma yau a bakin tsofaffin Sin tana nufin ƙananan abubuwan da mutum ke yi wa kansa daga asuba zuwa kwanciya.

A wajen ci, ƙa'idar ita ce qi fen bao: a tashi daga kwano da zarar ciki ya cika kashi bakwai cikin goma. Karin kumallo yawanci kunun shinkafa ne ko na gero. Bayan an ci sai a ɗan taka, don suna da karin magana cewa mai taku 100 bayan cin abinci zai kai shekara 99.

Da sassafe sukan taru a lambunan shaƙatawa su yi baduanjin, motsi takwas da ake yi a tsaye cikin kusan minti 12, wanda hukumar wasannin ƙasar ta daidaita a 2003. Inda sababbi ke kuskure shi ne su durƙusa sosai gwiwa ta karkata ciki, ko su riƙe numfashi. Na farko kan jawo ciwon gwiwa, na biyu jiri.

Sai batun ɗumi, kuma nan ne aka fi wuce gona da iri. Tsohon Basine bai cika shan ruwan sanyi ba, da filas ɗinsa yake yawo. Ɗumi ake so, ba ƙuna ba: a 2016 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin sha da ya wuce digiri 65 na iya jawo kansar maƙoshi. Jiƙa ƙafa kafin barci ma haka, ruwan ya tsaya wajen digiri 40, na minti 15 zuwa 20. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji sosai zai iya ƙonewa bai sani ba, don haka a gwada ruwan da gwiwar hannu tukuna.

Busassun 'ya'yan goji kuwa, wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace da ake jefawa cikin filas, ba sa jituwa da warfarin, maganin hana jini daskarewa. Mai shan sa ya tambayi likita kafin ya taɓa su.