Tufafi da Kayan Ado na Misirawan Dā

Suturar mutanen tsohuwar Masar kusan duka lilin ce, wato yadin da ake saƙawa da zaren kittani, shukar da ake nomawa a gaɓar kogin Nilu bayan ambaliya ta janye. Auduga ba ta yaɗu a ƙasar ba sai bayan zamanin fir'aunoni. Lilin ba ya karɓar rini da sauƙi, shi ya sa yawancin tufafinsu farare ne, kuma ya dace da zafin ƙasar.

Mata ne suka fi yin kaɗi da saƙa a zamanin farko, a masaƙar da ake shimfiɗawa a ƙasa. A Sabuwar Daula, wajen 1550 zuwa 1070 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka samu masaƙa ta tsaye, maza suka shigo sana'ar. Yadi dukiya ne a wurinsu: ana biyan ma'aikata da shi, ana naɗe gawa da shi.

Namiji kan ɗaura gajeren zane daga ƙugu zuwa gwiwa, mace kuma ta sa doguwar riga matsattsiya mai maɗauri a kafaɗa. Yara ƙanana tsirara suke yawo, da tukku a gefen kai. Abin da ke raba talaka da basarake shi ne laushin zare. Lilin ɗin fada yakan yi siriri har ana hango jiki ta cikinsa, kuma daga baya manya suka riƙa yi masa ƙananan ninki jere da jere, aikin da ke cin lokaci da haƙuri.

Shaida mafi ban mamaki ita ce rigar Tarkhan, wadda ta fito daga tonon da Flinders Petrie, ɗan Birtaniya masanin kayan tarihi, ya yi a 1913 a maƙabartar Tarkhan da ke kudu da Alƙahira. Gwaji ya nuna ta haura shekara 5,000, kuma ana ɗaukarta a matsayin ɗinkakkiyar riga mafi tsufa da ta rage a duniya. Tana Landan a yanzu. A kabarin Fir'auna Tutankhamun da aka gano a 1922 an tarar da bante fiye da 100, da safar hannu, da takalma.

Tun da tufafin farare ne, launi daga kayan ado yake zuwa. Zinariya daga Nubiya, yankin da ke kudu da Masar, ake kawo ta, shuɗin dutsen lazward kuma tun daga Afganistan, wasu duwatsun daga Sina'i. Masu hali kan sa faffaɗar sarƙar duwatsu da ke rufe ƙirji da kafaɗu. Marasa hali su yi tasu da tsakiyar da aka gasa. Akwai kuma layu masu siffar buzuzu. Maza da mata duka suna zizara kwalli, don kwalliya da kuma kare ido daga ƙyallin rana. Manya da yawa kan aske kai su ɗora hular gashin mutum, limaman haikali kuwa aski wajibi ne a kansu saboda tsarki.